Maganin da Na Ɗauko Daga Maore

Litinin, 7 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Babu jirgi.

Wannan littafin tasha ne. A ciki nake rubuta sunan duk jirgin ruwan da na shigo da shi garinmu Mutsamudu, a wannan tsibiri namu, da sa'ar da ya iso, da abin da ya ɗauko. Shekara ashirin da biyu ke nan ina fita in tarbi manyan jirage in bi da su ta inda ba za su ci dutse ba. Yau kwana arba'in da ɗaya ban rubuta sunan kowa ba. Babu mai tambayar littafin, shi ya sa na kawo shi gida.

Na yi wa matata Eshata allurarta ta ciwon sukari kafin in fita. Saura kwalba uku. Kowace kwalba kwana biyar take yi mata.

Laraba, 9 ga wata, bayan azahar

Babu jirgi. Sito ya cika da buhunan kanumfari har bakin ƙofa, mutanen tudu kuma ba su daina saukowa da wani ba. Duk titin da ka bi an shimfiɗa tabarmi ana shanya. Garin kaf ƙamshi yake, tukwane kuwa babu shinkafa. Wani tsoho ya sauke buhunsa a gabana ya ce, "Fundi Humadi, kai da ka san teku, yaushe za su zo su ɗauka?" Fundi ake ce min, wato gwanin sana'a. Na ce Allah ne masani. Ya ce, "To ka tambayar min Shi ko ana dafa kanumfari a ci."

An ɗauke wuta tun Asabar, babu man da za a zuba wa injin gari. Firji ya zama akwati. Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma na sa a gindin randa.

Juma'a, 11 ga wata, bayan an sauko daga masallaci

Liman ya yi huɗuba a kan haƙuri. A ƙofa mutane suna ta gardama, wannan ya ce laifin mutanen Ngazija ne, babban tsibirin da gwamnati take, da suka rufe mana teku, wancan ya ce laifin namu manyan ne da suka ce mun raba gari da su.  Ni ma na je dandali ranar da aka yi shelar rabuwar. Ba zan rubuta abin da na ɗaga a hannuna ba, ko irin ihun da na yi.

Mai kantin magani ya buɗe min kabad ɗinsa don in gani da idona. Ya ce a rediyo an ce magani ba ya cikin abin da aka hana shigowa da shi. Na ce to madalla. Ya ce, "Madalla me? A bayan tsuntsu zai zo?"

Asabar, 12 ga wata, da safe

Babu jirgi.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je sabon ofishin da ke kan tudu wurin Swalihi. Tare muka yi makarantar allo da shi, yanzu Darakta ake ce masa. Awa uku na yi a kan benci. Da na shiga ya rungume ni, ya tambayi Eshata, ya ce ai akwai jirgi a hanya, ana magana da wasu 'yan kasuwa, in ba su mako guda.

Na ce, "Swalihi, ni ne mai shigo da jirgi. In da yana hanya ni zan fara sani."

Ya yi dariya ya ce, "Humadi, ka bar tuƙin ƙasa ga masu shi." A bayan kujerarsa akwai ƙaramin firji yana ƙugi, ana jin injin wutarsu a tsakar gida. Na daɗe ina kallon firjin nan. Ya ɗauka ƙishi nake ji, ya ba ni ruwan sanyi. Na sha. Haushin kaina nake ji da na sha.

Alhamis, 17 ga wata, da hantsi

An buɗe kwalbar ƙarshe.

Eshata ta ce in rage mata abin da nake zuƙowa a allura, rabi ya isa. Na ce likita bai ce haka ba. Ta ce, "Kaftin ɗin tudu, kai da ba ka da jirgi yanzu ka koma likita? Rage." Na rage.

Nuriyati, 'yar maƙwabciyarmu Zalhata, ta shigo da miyar ganyen rogo. Cikinta ya shiga wata bakwai, da ƙyar take sunkuyawa, amma sai da ta share mana tsakar gida. Allah bai ba mu haihuwa ba, yarinyar nan kuwa a ɗakinmu ta koyi tafiya, Eshata ce ta yi mata kitso har ranar aurenta. Mijinta yana tsibirin Maore, wanda ke hannun Turawa, yana aikin gini. Tun da aka yanke waya ba ta ji muryarsa ba. Ta ce, "Baba, in na haifi namiji sunanka zan sa masa, amma ba zan bari ya yi ƙaton hanci irin naka ba." Eshata ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta an daɗe.

Lahadi, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Da safe aka hango jirgi. Gari duka ya gangaro tasha, mata da kwanduna, masu dako sun tuɓe riguna. Na sa rigar aiki, na zuba ɗan man da na ɓoye a ƙaramin jirgina, na tsaya ina jiran ya kira ni. Fari ne, mai tsawo, ya tsaya can nesa kusan awa biyu. Na yi ta kira a rediyo. Ba a amsa ba. Daga baya ya juya hanci ya yi arewa.

Babu wanda ya yi zagi. Mutane suka watse shiru, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Litinin, 21 ga wata, da yamma

Eshata tana shan ruwa kamar raƙumi, kuma ta ce idonta yana ganin hazo. Ta hana ni faɗa wa kowa.

Kombo ya same ni a tasha. Shi ne mai kwale-kwalen roba guda uku a garin Domoni, masu tsallakar da mutane Maore ba takarda. Sau huɗu a baya yana nemana, sau huɗu ina korarsa. Ya zauna kusa da ni yana ɓare gyaɗa ya ce, "Fundi, na ji ƙanwar matarka Anrafa tana can, kuma a can kantunan magani cike suke. Ni ina da mai, ba ni da matuƙin da ya san ƙofar shiga tsakanin duwatsun da suka kewaye Maore a wannan iska. Kai kana da sanin, ba ka da mai."

Na ce masa ni ba na tuƙa akwatin gawa.

Ya ce, "To. Allah ya ba uwargida lafiya."

Talata, 22 ga wata, bayan sallar asuba

Na ɗaga kwalbar a hasken taga. Ko da rabi-rabin, ba za ta wuce Litinin ba.

Talata, da azahar

Na aika wa Kombo. Na ce mutum goma sha huɗu, ko ɗaya ba ƙari.

Laraba, 23 ga wata, da la'asar

Magana ba ta kwana a unguwar nan. Zalhata ta shigo ta zauna a bakin gado ta ce Nuriyati za ta bi ni. Asibitinmu babu wuta, makon jiya an yi wa wata mata aiki da fitilar hannu, ba ta tashi ba. Na ce a'a. Na ce iskar kudu ce ke kaɗawa, tekun ba na mai ciki ba ne.

Ta ce, "Fundi, da wani ne zai tuƙa, wallahi ba zan bari ba. Amma kai ne. In ta zauna nan ma ai teku ne."

Na kalli Eshata ko za ta taimake ni. Ta ce, "Kai ta wurin mijinta."

Na koya wa Zalhata yadda ake yin allurar. Ta gwada a jikin lemo sau uku, ta iya. Ta ce in tafi hankali kwance, Eshata tana hannunta.

Alhamis, 24 ga wata, da safe

Za mu bi motar ayaba zuwa Domoni. Nuriyati ta sa jan shiromaninta, wato mayafinta na biki. Na ce ina za ki da wannan, ruwan gishiri zai ɓata shi. Ta ce so take mijinta ya gan ta da kyau. Littafin nan zan bar shi a gida.

Litinin, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na dawo. Kwalba goma sha biyu, Anrafa ta naɗe su a cikin tulun ƙanƙara. Na tarar da Eshata a kwance, leɓenta ya bushe, jiya aka yi mata ta ƙarshe. Na yi mata cikakkiya.

Zalhata ta biyo ni har ɗaki. "Kun sauka lafiya?"

Na ce mun sauka.

"Ta ga mijin nata?"

Na ce ban tsaya ba, sauri nake. Ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta ce Allah ya saka min da Aljanna.

Talata, 29 ga wata, da safe

Eshata ta ci ayaba biyu, ta zauna da kanta. Ni ban ci ba. Na ce teku ne ya juya min ciki. Ta ce shekara ashirin da shida da aurenmu ba ta taɓa jin teku ya juya min ciki ba.

Laraba, 30 ga wata, da azahar

Na je tasha. Ban duba ko akwai jirgi ba. Na zauna na juya wa ruwan baya.

Alhamis, 31 ga wata, da la'asar

Zalhata ta kawo min kaza. Kaza guda, a wannan lokaci da ƙwai ma sai mai rabo. Ta soya ta da kwakwa ta ce tukuicina ne. Tana ɗinka 'yan riguna ƙanana, ta kawo biyu ta nuna wa Eshata, ta ce in zan koma in tafi da su.

Na ba maƙwabta kazar ta bayan gida.

Goma sha huɗu na ce. Goma sha huɗu na ce masa.

Juma'a, 1 ga Satumba, da safe

Ban je masallaci ba, ba kuma zan je ba yau. Akwai wani mutumin garin Wani da muka tafi tare, an ce an kama shi an dawo da shi jiya. A masallacinmu yake salla.

Asabar, 2 ga wata, ƙarfe goma na safe

Eshata ta warware sosai, har ta daka ganyen rogo. Da na zo da allura sai ta riƙe min hannu ta ce, "Humadi." Ba ta kiran sunana sai in abu ya kai. "Kwana biyar ke nan ba ka ambaci sunan yarinyar nan ba. Ko sau ɗaya. Kai da ba ka iya shan shayi ba ka ce Nuriyati ta ce kaza ba."

Na ce gajiya ce.

Ta ce, "Dube ni."

Ban iya ba. Na yi mata allurar na fita.

Lahadi, 3 ga wata, bayan azahar

Na faɗa mata. Zan rubuta a nan sau ɗaya, ba zan sake ba.

Da muka isa bakin ruwa a Domoni mutum ashirin da shida na tarar, har da akuya biyu. Na ce wa Kombo ba haka muka yi ba. Ya ce to in zaɓi waɗanda za su sauka, in faɗa musu da bakina, ko kuwa a fasa tafiyar a jira wani mako. Eshata ba ta da wani mako. Na tayar da inji. Tsakanin bakin kwale-kwalen da ruwa bai fi tafin hannu ba.

Na zaunar da Nuriyati kusa da ni. Ta yi amai, ta yi dariya, ta yi barci a kafaɗata. Mun tsallake lafiya. Gari ya fara wayewa muna gab da ƙofar duwatsu, har muna ganin itatuwan Maore. Sai wani ya hango haske a gefen dama ya yi ihu cewa 'yan sintiri ne. Mutane suka miƙe gaba ɗaya suka yi hagu. Na ce ku zauna, ku zauna. Igiyar ruwa ta same mu a karkace.

Mutum huɗu suka faɗa. Mun ciro uku.

Na zagaya. Na kira sunanta. Na sake zagayawa. Na ga jan ƙyallen a kan ruwa, na kai hannu, ƙyallen ne kawai. Hasken nan yana matsowa, ko kuwa ni ne na ga kamar yana matsowa. Mutane suna dukan bayana suna cewa tafi, tafi, za ka sa a kama mu duka. In aka kama ni, matuƙi ne ni, ɗauri ne na shekaru, kuma babu mai kawo kwalba ko ɗaya gidan nan. Na yi wannan tunanin. Ba zan ce ban yi ba. Ina cikin kiran sunanta na yi shi.

Na shiga ƙofar.

Daga baya hasken ya wuce mu. Masunci ne da fitilarsa.

Ban je wurin mijinta ba. Anrafa ma ban gaya mata ba. Na karɓi maganin na kwanta a bayan ɗakinta kwana biyu har iska ta lafa.

Eshata ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe. Daga baya na ji.

Litinin, 4 ga wata, da safe

Ta ƙi allura. Ta ce in ɗauke kwalaben daga gindin randarta, ba ta son shan ruwan da ya kwana kusa da su. Na ce kashe kanki za ki yi? Ta ce, "Ni na ce ka kai ta."

Na ce ni na tuƙa.

Ta ce, "Ka je ka gaya wa uwarta. Yau. Kafin ta ji a kasuwa."

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na kai ƙofar gidan sau uku ina komowa. A na huɗu Zalhata ta gan ni ta ce, "Fundi, shigo mana, ka tsaya kamar baƙo." Tana zaune a tabarma da ɗinkinta. Ban zauna ba. Na faɗa mata a tsaye, duka, har da abin da na yi tunani.

Ba ta ajiye ɗinkin ba. Ta ce, "Sau nawa ka zagaya?"

Na ce sau biyu.

"Sau biyu."

Na ce eh.

Ta ce, "Ba ta iya ruwa ba. Ni na hana ta koyo, ina tsoron kada ta nutse." Sai ta ce in fita. Ban kai ƙofa ba ta fasa ihun, mata suka fara shigowa da gudu suna ture ni.

Talata, 5 ga wata, da azahar

An yi zaman makoki ba gawa. Na zauna a can ƙarshen tabarmar maza, babu wanda ya kore ni, babu wanda ya miƙo min hannu. Swalihi ya aiko da buhun shinkafa daga ofis. Ashe akwai.

Eshata kwana biyu ba allura. Na durƙusa na roƙe ta. Ta juya fuska bango. Numfashinta ya fara wari irin na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Likita ya taɓa gaya min abin da wannan yake nufi.

Ya Allah. Ba ni da bakin roƙo, amma ba ni da wani.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ina zaune a ƙofar ɗaki da allura a hannu sai ga Zalhata. Ba ta yi sallama ba. Idonta ya kumbura, mayafinta a karkace. Wata cikin matan makoki ce ta gaya mata. Ta wuce ni kamar turmi ne a hanya, ta tsaya a kan Eshata.

Ta ce, "Yaya, tashi."

Eshata ta ce, "Zalhata, ki bar ni. Da wane ido zan dube ki?"

"Ban zo don ki dube ni ba. Miƙo hannu."

"Ba zan iya ba. Maganin nan..."

"Na san abin da aka bayar aka kawo shi, na fi ki sani. Shi ya sa ba za a zubar ba. Kina so ta tafi a banza? Wa zai zauna da ni ya tuna min yadda take tun tana rarrafe? Shi?"

Ta miƙo hannu ta baya ba ta waiwayo ba. Na sa mata allurar a tafi. Ta ɗaga ta a hasken taga ta duba, ta ɗan buga ta da farce, ta kama damtsen Eshata ta yi mata. Sannan ta zauna a bakin gadon, su biyun suka riƙe juna. Na fita tsakar gida.

Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda zan ji, amma da Eshata take magana.

Ta ce, "Gobe ma war haka zan zo, da jibi. Ki gaya masa kada in riƙa samunsa a gida."

Na ce to, ko da yake ba da ni take ba.